Jirgin Da Aka Ƙera Domin Ɗan Koyo

Na lura da wani abu a littattafan hikaya da muke karantawa. Idan marubuciya tana son ta ba tauraruwar labarinta miji na nunawa sa'a, to ko dai ta ba ta likita, ko ɗan kasuwa mai zirga-zirga tsakanin Kano da Dubai, ko kuma matuƙin jirgin sama. Shi wannan matuƙin kullum a shirye yake bayyana, da fararen kaya da hula da igiyoyi a kafaɗa, kamar da iyawarsa aka haife shi. Har yau ban ci karo da littafin da ya nuna mana lokacin da yake ɗan koyo ba, lokacin da hannunsa ke rawa, gumi ya jiƙa masa riga, malami na zaune a bayansa yana daka masa tsawa. Ni kuwa wannan lokacin ne ya fi ɗaukar hankalina, domin a cikinsa nake cin abinci.

Ni malamin kanikanci ne. Shekaru masu yawa ke nan ina koya wa yara gyaran injin mota, kuma duk wanda ya taɓa irin wannan aiki ya san babbar tambayar da ke damun malami: me zan danƙa wa yaron da bai iya ba? Ka ba shi abu mai sauƙi ƙwarai, ya gama bai san komai ba. Ka ba shi na gaske, ya lalata, ko ya ji wa kansa ciwo. A gareji asarar ba ta wuce noti ya lalace ko yatsa ya fashe. A sama kuwa, kuskure ɗaya ya isa a yi jana'izar mutum biyu. Shi ya sa da na fara karance-karance a kan jiragen koyon tuƙi na soja, sai na ga ashe injiniyoyi sun daɗe suna fama da tambayata, sai dai su da ƙarfe da lissafi suke ba da amsa.

Jirgin da zan ba ku labarinsa kun san sunan ɗansa. A ranar 22 ga Yuli 2021 jirage shida ƙirar Super Tucano suka sauka a Kano, kashin farko na guda 12 da Nijeriya ta saya, kuma a makon nan ko a teburin mai shayi sunan ake ambata. Jama'a sun ɗauke shi jirgin yaƙi, kuma haka ɗin ne. Amma ubansa, wanda ake kira Tucano kawai, jirgin makaranta ne. An haife shi a ƙasar Barazil, kuma talauci na cikin abubuwan da suka haife shi.

Bari in fara da yadda abin yake kafin zuwansa. A shekarun 1970, ɗalibi a makarantar hafsoshin sojin sama ta Barazil da ke garin Pirassununga yakan fara ne da ƙaramin jirgi mai injin fistin, irin na mota, sannan a mayar da shi kan wani jirgin Amurka mai suna T-37, wanda ke da injin jet guda biyu. Tunanin wancan zamani shi ne, tunda jiragen yaƙi duk sun koma jet, to gara ɗalibi ya saba da jet tun da wuri. Matsalar ita ce injin jet mashayin mai ne, musamman idan jirgi yana tafiya ƙasa-ƙasa a hankali, wanda kuma nan ne ɗan koyo ke shafe yawancin lokacinsa: ya tashi, ya zagaya fili, ya sauka, ya sake tashi. Sai ga rikicin man fetur na 1973, farashi ya ninka har sau huɗu. A lokacin Barazil daga waje take sayo kimanin kashi 80 cikin 100 na man da take sha. Ga jiragen T-37 sun fara tsufa. Ga kuma dangantaka da Amurka ta yi tsami, har a 1977 gwamnatin soja ta Janar Ernesto Geisel ta soke yarjejeniyar taimakon soja da ke tsakanin ƙasashen biyu. Wanda ya dogara da maƙwabci wajen aron tukunya, ranar da suka yi faɗa da yunwa zai kwana.

A watan Disamba 1978 rundunar sojin saman Barazil ta ba kamfanin Embraer, wanda mallakar gwamnati ne a lokacin, kwangilar ƙera sabon jirgin koyo. Wanda ya jagoranci zanen shi ne Joseph Kovács, mutumin Hungari da ya yi ƙaura zuwa Barazil a 1948. Shi ne dama ya zana wancan ƙaramin jirgi mai fistin da ɗalibai ke farawa da shi, mai suna Universal, saboda haka ya san 'yan koyo, ya san irin ɓarnar da suke yi. Abin da aka nema a wurinsa kamar a ce mutum ya samo doki mai cin abincin jaki ne: jirgin da zai sha mai kaɗan, amma ɗalibin da ke ciki ya ji tamkar jet yake tuƙawa.

Amsar farko tana cikin injin. Mai karatu, ka bar ni in yi bayani irin na gareji. Injin jet yana zuƙo iska, ya matse ta, ya fesa mata kananzir ya cinna wuta, iskar mai zafi ta fita ta baya da ƙarfi, wannan fitar ce ke tura jirgi gaba. To akwai wani inji ɗan uwansa, wanda shi ma haka yake ƙona mai, sai dai maimakon a bar iskar ta tsere ta baya, sai a sa ta ta juya wata fanka ta ciki, fankar ta juya sandar ƙarfe, sandar ta bi ta akwatin giya ta juya farfela a hancin jirgi. Fankar cikin tana juyi kusan sau 30,000 a minti ɗaya, giya ce ke rage shi zuwa kimanin 2,000 da farfela za ta iya ɗauka. Wannan shi ake kira tabofurof, wato injin jet mai farfela. A gudu matsakaici, farfela ta fi jet iya tattalin mai nesa ba kusa ba, domin tana tura iska mai yawa a hankali, shi kuwa jet yana tura iska kaɗan da tsananin gudu. Injin da aka zaɓa wa Tucano shi ne PT6 na kamfanin Pratt & Whitney na Kanada, mai ƙarfin doki 750, inji ne da ya riga ya yi suna wajen rashin ba da matsala.

Ba Barazil ce ta fara sa irin wannan inji a jirgin koyo ba. Amurkawa sun yi da T-34C, mutanen Suwizalan ma sun yi da PC-7 na kamfanin Pilatus. Amma su tsofaffin jirage masu fistin suka ɗauko suka canza musu inji, kamar yadda muke ɗora sabon inji a tsohuwar bodi. Kovács da mutanensa daga farar takarda suka fara, kuma a nan ne abin ya fi burge ni, domin kowane zaɓi da suka yi, idan ka bi diddiginsa, a kan ɗan koyo zai dire.

Ɗauki zaman kujeru. A cikin T-37 malami da ɗalibi kafaɗa da kafaɗa suke zama, kamar direba da yaron mota. Wannan yana da amfaninsa, domin malami yana ganin hannun yaro, yana ganin inda idonsa ke kallo. Amma matuƙin jirgin yaƙi a tsakiyar jirgi yake zama, shi kaɗai, fukafukin dama da na hagu nisansu ɗaya daga gare shi. Saboda haka a Tucano aka sa ɗalibi a gaba, malami a baya, aka ɗaga kujerar malamin sama kaɗan domin ya riƙa hango hanya ta saman kan ɗalibin, aka rufe su da murfin gilashi mai ba da damar gani ta ko'ina. Malamin yana da nasa sandar tuƙi, ko yaushe zai iya karɓe jirgin. Amma yaron ba ya ganinsa, muryarsa kawai yake ji a kunne. Ana koya masa kaɗaici tun yana da mai cetonsa. Ni ma da kaina na gano cewa yaro ya fi koyo idan na tsaya a bayansa na harɗe hannu, fiye da idan na durƙusa kusa da shi, domin muddin yana ganin fuskata, ita zai riƙa karantawa ya bar injin.

Ɗauki kuma totur. A jirgi mai farfela na gargajiya, matuƙi yana da hannaye daban-daban da zai riƙa sarrafawa: ɗaya na ƙarfin inji, ɗaya na karkatar da ruwan farfela, wani na mai. A jet kuwa hannu ɗaya ne, ka tura gaba ya ƙara wuta, ka ja baya ya rage. Masu zanen Tucano suka haɗe aikin a hannu ɗaya, suka bar injin ya daidaita farfelarsa da kansa. Me ya sa? Domin abin da hannu ya saba da shi, shi zai yi ranar da tsoro ya kama mutum. Idan ɗalibi ya shafe sa'o'i 100 yana laluben hannaye uku, ranar da ya shiga jet wuta ta kama, hannunsa zai tafi neman abin da babu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma idan ka tanƙwara shi ta inda bai kamata ba, a haka zai bushe.

Akwai wata magana da nake yawan gaya wa abokan aikina, cewa kayan koyo nagari dole ya iya yafiya, amma kada ya yi ƙarya. Haka jirgin koyo yake. Idan matuƙi ya rage gudu fiye da kima, iskar da ke ɗauke da fukafukai takan suɓuce, jirgi ya sunkuyar da kai ya fara faɗuwa, wani lokaci har ya shiga juyin katantanwa yana gangarowa. Jirgin da ba ya taɓa yin haka, ko me aka yi masa, maƙaryaci ne, zai yaye ɗalibin da bai san bakin rami ba. Wanda kuma ke yin haka ba gargaɗi, kuma ba ya dawowa hayyacinsa, makashi ne. Abin da ake so shi ne ya yi kakkarwa ya gargaɗi yaro, idan yaro bai ji ba ya faɗi da gaske, idan kuma yaro ya yi abin da aka koya masa, ya miƙe. Tucano yana iya rage gudu har zuwa kimanin kilomita 125 a sa'a kafin iska ta suɓuce masa, kuma yana kaiwa kimanin 450 idan an sake masa linzami. An gina jikinsa ya jure nauyin da ya ninka nasa sau 6 a lokacin juyi mai tsanani, yana kuma iya tafiya a kife na ɗan lokaci ba tare da inji ya mutu ba. Duk wannan fili ne aka buɗe wa ɗalibi domin ya yi kuskurensa a ciki.

Sai abu na ƙarshe, wanda a ganina ya fi sauran faɗin abin da ke zuciyar masu zanen. Sun sa wa jirgin kujeru masu cilla matuƙi waje, ƙirar kamfanin Martin-Baker na Ingila. Idan jirgi ya ƙi ceto, mutum zai ja wani hannu a tsakanin ƙafafunsa, kujera ta harba shi sama, lema ta buɗe ya sauko. A wancan lokaci jiragen koyo masu farfela ba su da wannan, an bar wa jet. Kujerar tana da nauyi, tana da tsada, tana buƙatar kulawa ta musamman. Ƙasar da ke lissafin kowace lita ta kananzir ta yarda ta biya wannan kuɗi saboda yaron da ko lambar girma ɗaya bai samu ba tukuna.

Samfurin gwaji na farko ya tashi a ranar 16 ga Agusta 1980, ƙasa da shekara biyu bayan sa hannu a kwangila. Sunan kuwa ɗaliban makarantar ne suka zaɓa ta hanyar gasa a 1981. Tucano wani tsuntsu ne na dazukan ƙasarsu mai ƙaton baki, kamar cilakowarmu, kuma duk wanda ya dubi dogon hancin jirgin zai ga dalili. A watan Agusta 1982 samfuri na biyu ya tarwatse a sama lokacin da ake gwada iyakar gudun da zai jure idan ya nutso ƙasa. Matuƙan gwajin biyu suka ja hannun kujera, suka sauko da ransu. Aka gano inda raunin yake, aka gyara, aka sake gwaji a 1983 ya ci, kuma a shekarar ce aka fara miƙa jiragen ga runduna. Ina yawan tunanin wannan hatsari. Da a wata ƙasar ne, ranar da jirgin ya faɗi ranar za a binne aikin, a kafa kwamitin bincike, a fara neman wanda za a ɗora wa laifi. Su kuwa sun ɗauke shi a matsayin abin da gwaji ya gada.

Daga nan kasuwa ta buɗe. A 1983 Masar ta yi odar guda 120, 40 nata, 80 na Iraƙi, kuma akasarinsu a masana'antar Helwan kusa da Alƙahira aka haɗa su. Babban abin mamaki ya zo a 1985, lokacin da rundunar sojin saman Birtaniya ta zaɓi Tucano ya maye gurbin tsohon jirginta na koyo mai suna Jet Provost, bayan gasa mai zafi da PC-9 na Pilatus. Turawan ba su karɓe shi yadda yake ba. Sun sa masa wani inji mai ƙarfin doki 1,100 domin ya fi saurin hawa sama, suka ƙarfafa murfin gilashin saboda karo da tsuntsaye, suka tsara allon gaban matuƙi ya yi kama da na jirgin Hawk da ɗalibi zai koma kansa daga baya. Kamfanin Shorts ne ya ƙera guda 130 a birnin Belfast, inda ake fama da rashin aikin yi, kuma ba a rasa siyasa a cikin zaɓin ba. Duk da haka, ƙasar da ta ƙera Spitfire ta ɗauki zanen ƙasar da aka fi sani da ƙwallo da gahawa, ta koyar da matuƙanta a kansa har zuwa 2019. Faransa ma ta sayi 50. Kafin a daina ƙera shi a 1996, an fitar da sama da 600.

Yanzu bari mu zo inda labarin ya juya. Tun farko an yi wa Tucano maratayi huɗu a ƙarƙashin fukafukai, domin ɗalibi ya koyi harbi da jefa bam. To abin da aka rataya don koyo ai ana iya rataya shi don gaske. A shekarun 1990 Barazil ta buƙaci jirgin da zai yi sintiri a dajin Amazon, inda masu fataucin miyagun ƙwayoyi ke shawagi da ƙananan jirage masu tafiya a hankali, waɗanda jet ba ya iya bi sai ya wuce su. Aka ɗauko Tucano aka ƙara masa tsawo, aka ba shi inji mai ƙarfin doki 1,600, aka dasa bindigogi biyu a cikin fukafukai, aka yi wa mazaunin matuƙi sulke, aka cika shi da na'urorin gani dare da rana. Wannan shi ne Super Tucano, wanda ya fara tashi a ranar 2 ga Yuni 1999, ya shiga aiki a 2003. Har yanzu Barazil tana horar da matuƙan yaƙinta a kansa a birnin Natal, amma duniya ta fi saninsa da ɗaya aikin. Kolambiya ta yi amfani da shi a 2008 wajen kashe Raúl Reyes, ɗaya daga cikin manyan 'yan tawayen FARC. Burkina Faso da Muritaniya da Mali duk sun saya kafin mu.

Wannan wuri yana sa ni jugum. Halayen da suka sa jirgin ya dace da ɗan koyo, su ne suka sa ya dace da farautar mutum: yana tafiya a hankali ba ya faɗuwa, yana daɗewa a sama bai sha mai ba, ana ganin ƙasa sosai daga cikinsa, yana sauka a filin da ba shi da kyau. Haƙurin da aka gina masa domin yaro ya rayu, shi ne haƙurin da yake yi yana zagaya daji yana jira. Ba na cikin masu cewa kada a saya, domin ina da 'yan uwa a garuruwan da ba a kwana da ido biyu rufe. Amma mun san abin da ya faru a Rann ranar 17 ga Janairu 2017, lokacin da jirgin sojinmu ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira bisa kuskure, aka rasa rayuka masu yawa, har da ma'aikatan agaji. Ba Tucano ba ne ya yi wannan, lokacin ma ba mu da shi, hasali ma abin da ya faru ya sa Amurka ta jinkirta cinikin, sai a watan Agusta na shekarar ta amince. Abin da Rann ta nuna shi ne cewa na'ura tana iya nuna maka mutane a ƙasa, amma sanin ko su wane ne, da sanin lokacin da za a ɗauke yatsa daga kan maɓalli, wannan horo ne, na matuƙi da na wanda ya ba shi labari da na wanda ya ba shi umarni. Ko ta ina ka bi, sai ka dawo makaranta.

A 2018 gwamnati ta biya dala miliyan 496 domin jiragen 12, haɗe da makamai da kayan gyara da horo da gine-gine a sansanin Kainji. A Jacksonville ta jihar Florida aka haɗa su, matuƙanmu kuma a jihar Jojiya aka horar da su. Na zauna na jera shekarun Barazil a takarda domin in ga abin da muka saya da wannan kuɗi. A 1950 suka buɗe makarantar injiniyoyin jirgin sama, wadda ake kira ITA, a garin São José dos Campos, alhali ba su da masana'antar da za ta ɗauki ɗalibanta. Sai a 1968 ɗaliban da ta yaye suka tashi jirgin Bandeirante, a 1969 aka kafa Embraer ƙarƙashin Ozires Silva, shi ma ɗan makarantar. Daga 1971 suka riƙa haɗa wani jirgin Italiya da izini domin hannunsu ya faɗa. Gwamnati ta ba kamfanoni damar sa kashi 1 cikin 100 na harajinsu a hannun jarin Embraer, rundunar soja kuma ta zama mai saye ta dindindin. Tucano ya zo a 1980, shekara 30 cif bayan buɗe makarantar. Hanyar ba ta miƙe sumul ba, domin kamfanin ya kusa durƙushewa a farkon shekarun 1990, har aka sayar da shi ga 'yan kasuwa a 1994. Amma gwamnatoci sun zo sun tafi, na soja da na farar hula, zaren bai tsinke ba.

Mu ma fa mun taɓa kama bakin zaren. A Kaduna an haɗa ƙaramin jirgin koyo mai fistin da ake kira Air Beetle, bisa zanen wani jirgin Amurka, har guda 60, kuma matuƙan sojinmu da dama a kansa suka fara. Daidai matsayin Universal na Kovács ke nan. Sai dai Universal ya haifi Tucano, shi kuwa Air Beetle bai bar baya ba, da ya tsufa sai muka tafi Pakistan a 2016 muka sayo Super Mushshak. Koriya ta Kudu ta bi waccan hanya da KT-1 a 1991, Turkiyya ta bi da Hürkuş a 2013, kuma ga shi maƙwabtanmu Nijar da Chadi sun sayi Hürkuş. Sau da yawa ƙasar da ke son shiga wannan sana'a da jirgin koyo take farawa, domin shi ne jirgin da ke koyar da matuƙi, ya kuma koyar da maƙerinsa. Injiniyoyin sojin samanmu sun fito da jirage marasa matuƙi, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018, abin da ke nuna cewa ƙwaƙwalwa dai akwai ta. Abin da nake jira in gani shi ne na biyu ya haifi na uku, na uku ya haifi na huɗu, ko da wanda ya fara aikin ya yi ritaya.

Ba na son in tsaya a kan gwamnati, domin cutar tana kusa da gida. Lokacin da nake yaron gareji, shekara biyu na yi ina wanke kayan inji da fetur da sayo wa maigidana abinci, bai taɓa barina na ɗaura sifana a kan injin mai mota ba. Ba mugu ba ne, tsoron asara yake yi, kuma shi ma haka aka yi masa. Daga baya na koyar a wata makaranta inda injin da ke ɗakin aiki fenti kawai ake yi masa idan baƙi za su zo, an hana yara kwance shi don kada wani abu ya ɓace. Yara suka haddace sunan kowane ƙarfe da Turanci, suka ci jarrabawa, ba wanda ya taɓa jin nauyin fistin a tafin hannunsa. A wurinmu ɗan koyo abin zargi ne, ana tsare kaya daga gare shi. Mutanen da suka zana Tucano sun zauna sun lissafa irin kuskuren da zai yi, suka gina jirgin a kan lissafin, suka kuma tanadi kujerar da za ta fitar da shi ranar da lissafin ya gaza.

Yanzu a wurin aikina akwai tsohon injin Peugeot 504 da na saya da kuɗina a wurin 'yan gwangwan. Na yara ne. Suna kwance shi, su haɗa, su tayar, idan ya ƙi tashi su sake kwancewa. Sun karya masa abubuwa da dama, wasu na saya na mayar, wasu na sa su je kasuwa su nemo da kansu domin su san farashin ganganci. Sharaɗi ɗaya na kafa: duk wanda ya lalata abu ya zo ya faɗa da bakinsa, ba duka ba zagi, amma sai ya bayyana wa sauran yadda aka yi. Wata uku na farko ba wanda ya yarda da ni, ɓoyewa suke yi. Yanzu har rige-rigen ba da labari suke yi, kuma injin yana tashi.